Shafen Ƙarfe da Gwajin Tsaga a Kayan Jirgin Sama: Da Wane Ma'auni Ake Zaɓar Kamfanin da Za a Ba Aikin?

A 2023 da 2024 labarai uku sun jawo hankalin jama'a zuwa wani ɓangare na sana'ar ƙera jiragen sama da ba a cika jin ɗuriyarsa ba. A watan Yulin 2023 kamfanin Pratt & Whitney ya sanar da cewa garin ƙarfen da aka sarrafa wasu fayafayan injinsa da shi ya gurɓata, kuma dole a sauke injina daga jiragen Airbus A320neo a duba su. A wannan shekarar aka gano cewa wani dillalin kaya a Landan, AOG Technics, ya sayar da kayan injin jirgi samfurin CFM56 da takardun shaida na jabu. A 2024 kuma hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta binciki titaniyam da ya shiga jiragen Boeing da Airbus da takardun da ba na gaskiya ba. Mai karatu na iya tambayar yadda irin wannan ke faruwa a sana'ar da aka sani da tsananin ƙa'ida. Amsar tana da alaƙa da yadda ake rarraba aikin: babban kamfani ba ya yin komai da hannunsa, kuma wasu daga cikin ayyukan da rayukan fasinjoji suka rataya a kansu ƙananan kamfanoni ne ke yin su, waɗanda sunansu ba ya fitowa a jikin jirgi. Biyu daga cikin waɗannan ayyuka su ne shafen ƙarfe da gwajin da ba ya lalata kaya.

Abin da ayyukan biyu suka ƙunsa

Shafen ƙarfe shi ne duk aikin da ake yi wa fatar ƙarfe bayan an gama sassaƙa shi, domin ya jure tsatsa, gogayya da gajiya. Alminiyam ana tsoma shi a ruwan asid a sa masa wutar lantarki har fatarsa ta rikiɗe ta zama sulke mai tauri, aikin da ake kira anodayizin, kuma ƙa'idar sojan Amurka mai lamba 8625 ta kasa shi manyan iri uku: na asid ɗin kuromiyam, na asid ɗin farar wuta, da mai tauri sosai. Baƙin ƙarfen kusoshi da ƙafafun jirgi ana shafa masa kadmiyam ko gamin zinki da nikel don hana tsatsa, ko kuromiyam mai tauri a inda ake gogayya. Akwai kuma feshin ƙananan ƙwallaye, inda ake jifan fatar ƙarfe da su da ƙarfi har ta matse, ta yadda tsaga ba za ta sami sauƙin farawa ba.

Gwajin da ba ya lalata kaya kuwa hanya ce ta neman aibu a jikin ƙarfe ba tare da an yanka shi ko an karya shi ba. Hanyoyi biyar ne suka fi yawa. Ana shafa wani ruwa mai ƙyalli da ke kutsawa cikin tsaga, a wanke na sama, sannan a duba a ɗaki mai duhu ƙarƙashin fitila ta musamman. Ana sa wa ƙarfe maganaɗisu a zuba masa garin ƙarfe mai laushi, wanda ke taruwa a bakin tsaga, amma wannan ba ya aiki sai a ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, saboda haka ba shi da amfani a alminiyam da titaniyam. Ana tura sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfe a saurari dawowarsa, don gano aibun da ke can ciki. Ana ɗaukar hoton eksire, musamman a kayan zubi da wuraren walda. Ana kuma amfani da wutar lantarki mai kewayawa a fatar ƙarfe don gano tsagar da ke sama ko dab da sama, kamar a bakin ramukan kusoshi.

Abin da ya haɗa ayyukan biyu shi ne mai saye ba zai iya gane ingancinsu ta hanyar duba kayan da aka dawo masa da su ba. Ƙafar jirgin da aka yi wa shafe daidai da wadda aka yi wa ba daidai ba kamanninsu ɗaya ne, haka kuma faifan da aka duba da kyau da wanda aka duba a gurguje duk hatimi iri ɗaya suke ɗauke da shi. Shi ya sa masu sana'ar ke ware irin waɗannan ayyuka su ba su kulawa ta daban, kuma shi ya sa wanda ke neman kamfanin da zai ba aikin yake auna tsarin aiki, ma'aikata da rubutattun bayanai fiye da yadda yake auna kayan kansu.

Inda kuskure ke ɓuya

Misali mafi bayyana shi ne na iskar haidurojin. Yayin da ake shafa kadmiyam ko kuromiyam da wutar lantarki, ƙwayoyin haidurojin kan shige cikin baƙin ƙarfe mai tsananin ƙarfi, su mai da shi mai saurin karyewa. Ba a ganin komai a ranar. Sai an ɗora masa nauyi na kwanaki ko makonni sannan ya tsinke farat ɗaya. Maganin shi ne a gasa kayan a tanderu a kan zafin kusan digiri 190 na ma'aunin Salshiyas, na awa 23 ga ƙarafan da suka fi ƙarfi, kuma a fara gashin kafin awa huɗu su wuce bayan an fito da su daga tanki. Idan an gama shafe da yamma, ma'aikata suka tashi, aka bar kayan har safiya kafin a sa su a tanderu, to an karya ƙa'ida ko da an cika awa 23 daga baya. Shaida ɗaya tak da ke nuna abin da ya faru ita ce takardar da na'urar tanderu ke rubutawa ta lokaci da zafi. Ana kuma gwada tankin kansa lokaci-lokaci bisa ƙa'idar ASTM F519, inda ake shafe wasu sandunan gwaji a ja su da nauyi na awa 200 a ga ko za su tsinke. Mai saye da ya san aikinsa waɗannan takardu yake nema ya gani.

Jerin ayyukan ma yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ne shafe da gwaji suke cuɗanya. Injin sassaƙa kan murje fatar ƙarfe mai laushi ya rufe bakin tsaga, saboda haka sau da yawa sai an cinye ɗan siririn saman da asid kafin ruwa mai ƙyalli ya iya shiga. Feshin ƙwallaye shi ma yana toshe bakin tsaga, fenti da shafe kuma suna lulluɓe ta gaba ɗaya. Idan aka yi gwaji bayan waɗannan, sakamakon zai fito fes, alhali aibun na nan a ƙasa. Kamfanin da ya karɓi kaya ya ga takardar oda ta jera ayyukan a birkice, ya tsaya ya yi tambaya kafin ya taɓa su, ya nuna abin da ake nema a wurinsa.

Gwajin kansa yana iya kuskure ko da an bi jerin daidai. A ranar 19 ga Yulin 1989 faifan titaniyam na injin tsakiya na jirgin DC-10 na kamfanin United, tafiya mai lamba 232, ya tarwatse a sama ya yanke dukkan bututun man da ake sarrafa jirgin da su. Jirgin ya faɗi yayin saukar gaggawa a Sioux City ta jihar Ayowa, mutum fiye da 110 cikin 296 suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano cewa tsagar ta samo asali daga wani aibu da ke cikin ƙarfen tun lokacin narka shi, kuma ta kai kusan rabin inci a lokacin da aka yi wa faifan gwajin ruwa mai ƙyalli na ƙarshe. An sami ragowar ruwan a cikin tsagar, wato ruwan ya shiga, ido ne bai gani ba. Shekara bakwai bayan haka, a Yulin 1996, wani ɓangare na injin jirgin MD-88 na kamfanin Delta ya fashe a Pensacola ta jihar Filorida ya kashe fasinjoji biyu, kuma a nan ma binciken ya nuna tsagar da gwajin ruwa mai ƙyalli bai kama ba. Darasin da sana'ar ta ɗauka daga waɗannan haɗurra ya shafi abubuwan da ake ɗauka ƙanana ne: tsaftar kaya kafin gwaji, bushewarsu, ƙarfin fitila, duhun ɗaki, yadda ake juya kaya a ga kowane lungu, da yawan kayan da ake tara wa mutum ɗaya ya duba.

Takardun shaida da abin da kowace ke nufi

Mafi yawan ruɗani a wannan fage yana zuwa ne daga ɗaukar takardu daban-daban kamar abu ɗaya ne. AS9100, wadda ta fara fitowa a 1999, shaida ce a kan tsarin tafiyar da kamfani gaba ɗaya: yadda yake ajiye bayanai, yadda yake bin diddigin kaya, yadda yake gyara kuskure. Ba ta tabbatar da cewa ruwan da ke cikin tankin anodayizin yana kan ma'auni.

Wannan aikin Nadcap ne, shirin da aka kafa a 1990, wanda cibiyar PRI da ke jihar Pensilbeniya ke gudanarwa a madadin manyan kamfanonin ƙera jirage da injina. Kafin kafa shi kowane babban kamfani yakan tura nasa masu bincike, sai ƙaramin kamfani ya kwashe shekara yana karɓar baƙi masu tambayoyi kusan iri ɗaya. A tsarin Nadcap mai bincike ƙwararre ne a fannin da ya zo dubawa, yana tsayawa a gefen ma'aikaci ya ga aiki na gaske daga farko zuwa ƙarshe, yana bin jerin tambayoyi na musamman: AC7108 ga shafe da sinadarai, AC7114 ga gwajin da ba ya lalata kaya, AC7117 ga feshin ƙwallaye. Wakilan manyan kamfanoni ne ke yanke hukunci a kan rahotonsa. Shaidar farko ta shekara ɗaya ce, kuma kamfanin da ya ci gaba da nuna kyakkyawan sakamako ana iya tsawaita masa zuwa wata 18 ko 24.

Abin lura shi ne shaidar Nadcap tana da iyaka, kuma iyakar a rubuce take. Kamfani na iya samun shaida a gwajin ruwa mai ƙyalli amma ba shi da ita a gwajin sauti, ko yana da ita a reshensa ɗaya ba a ɗayan ba. Ganin tambarin a saman takardar kamfani bai isa ba. Sai an shiga rumbun bayanan PRI an karanta ainihin ayyukan da aka amince masa da ranar ƙarewar shaidar. Bayan wannan akwai mataki na uku da sababbin masu saye kan manta: amincewar mai zanen kayan. Boeing yana da nasa jerin kamfanonin da ya yarda su yi masa irin waɗannan ayyuka, mai lamba D1-4426, Airbus da masu ƙera injina su ma suna da nasu. Idan zane ya ambaci ƙa'idar wani babban kamfani, kuma wanda ya yi shafen ba ya cikin jerinsa, za a ƙi karɓar kayan komai kyan aikin.

Mutumin da ke dubawa ma yana da tasa shaidar, bisa ƙa'idar NAS 410 a Amurka da takwararta EN 4179 a Turai. Matakai uku ne: na farko yana aiki ƙarƙashin kulawa, na biyu yana iya yanke hukuncin karɓa ko ƙi, na uku shi ke rubuta hanyoyin aiki, ya horar, ya yi jarrabawa. Ana gwada idon mai dubawa na ganin kusa duk shekara, ana sabunta shaidarsa duk shekara biyar. Kamfanin da ya ɗauke shi aiki ne ke ba shi shaidar, ba wata hukuma ta waje ba, saboda haka nauyin tsarin duka yana kan mai mataki na uku. Tambayar ko shi ma'aikacin kamfanin ne na dindindin, ko ɗan haya ne da ke leƙowa jefi-jefi, tana daga cikin tambayoyin da suka fi bayyana halin kamfani.

Inda ra'ayoyi suka bambanta

Masu goyon bayan Nadcap suna cewa ya rage yawan bincike, ya daidaita ma'auni a ƙasashe daban-daban, ya kuma tilasta wa kamfani ya binciko tushen kowane kuskure maimakon ya share shi. Ƙananan kamfanoni da dama suna ƙorafin cewa kuɗin bincike da lokacin shiri sun yi musu nauyi, cewa manyan kamfanoni har yanzu suna turo nasu masu bincike a kan na Nadcap, kuma cewa tsarin yana iya koya wa mutane gyara takarda fiye da gyara aiki. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ba a musu a kansa shi ne bincike na 'yan kwanaki ba zai kama wanda ya ƙudurta yin ƙarya ba. A 2019 wani kamfanin alminiyam da ke jihar Oregon, Sapa Profiles, ya amince ya biya dala miliyan 46 bayan an tabbatar da cewa an shafe kusan shekara 19 ana sauya sakamakon gwaje-gwajensa, kuma hukumar NASA ta danganta asarar taurarin ɗan'adam biyu, a 2009 da 2011, da kayan da suka fito daga can. Saboda irin wannan ne masu saye da yawa kan aika kayan gwaji zuwa wani ɗakin bincike mai zaman kansa lokaci-lokaci, su kwatanta da abin da aka rubuta musu.

Akwai kuma saɓani a kan haɗa ayyukan a wuri ɗaya. Kamfanin da ke yin gwaji, feshi, shafe da fenti a ƙarƙashin rufi guda yana rage jigila, yana rage haɗarin bugewa da tsatsa a hanya, kuma idan matsala ta taso an san wanda za a tambaya. Masu ɗari-ɗari da wannan suna nuna cewa wanda ya yi aiki shi ke duba aikin, kuma idan gobara ko janye shaida ta rufe wurin, komai ya tsaya lokaci guda. Raba aikin tsakanin kamfanoni biyu yana rage wannan haɗari, amma yana ninka kuɗin tantancewa, domin kowane sabon wuri sai an yi masa awon kaya na farko bisa ƙa'idar AS9102. Ga kayan da karyewarsu za ta iya kayar da jirgi, hujjar masu neman a sami wuri na biyu da kuma mai duba da ba ya ƙarƙashin shugaban sashen samarwa ta fi ƙarfi. Ga ƙananan maƙalai da murafe, wuri ɗaya ya wadatar.

Farashi shi ne ma'aunin da ya fi yaudara. Kuɗin shafe da gwaji ƙaramin kaso ne na darajar kayan, amma suna zuwa ne a ƙarshe, bayan an kashe kuɗin ƙarfe da makonnin sassaƙa. Idan aka bar kaya a asid fiye da ƙima girmansu ya ragu, ba a mayar da ƙarfen da ya tafi. Galibin kamfanonin shafe kuma suna iyakance diyyar da za su biya ga kuɗin aikinsu ko ninkinsa kaɗan, ba darajar kayan ba, abin da ya kamata a karanta a yarjejeniya tun kafin a aika kaya.

Dokokin kuromiyam da canjin da suke kawowa

Wani nau'in sinadarin kuromiyam da ake kira kuromiyam-6, wanda aka daɗe ana dogaro da shi wajen kare alminiyam daga tsatsa, yana haddasa cutar daji ta huhu ga masu shaƙarsa. A 2006 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta rage iyakar da aka yarda da ita zuwa maikurogiram biyar a kowace kubik mita ta iska. A Tarayyar Turai, ƙarƙashin dokar REACH, tun 21 ga Satumban 2017 ba a amfani da babban sinadarin wannan rukuni sai da izini na musamman, kuma a Afrilun 2023 kotun ƙolin Tarayyar ta soke wani ɓangare na babban izinin da aka bayar, abin da ya jefa kamfanoni da dama cikin rashin tabbas. A Mayun 2023 jihar Kalifoniya ta tsayar da 2039 a matsayin shekarar daina amfani da shi a shafe mai tauri da anodayizin.

Madadin sun samu: Airbus ya koma ga anodayizin na gamin asid ɗin tatarik da na farar wuta, Boeing yana da nasa na asid ɗin borik, zinki da nikel suna maye gurbin kadmiyam, kuma ana fesa wa ƙafafun jirgi garin gamin tangistin mai tsananin zafi a maimakon kuromiyam. Masu kare lafiyar ma'aikata suna ganin sana'ar ta yi jan ƙafa shekaru da yawa. Injiniyoyi kuma suna cewa jirgi yana aiki shekara 25 ko 30, kuma ba a sauya shafen da ke kan zanen da hukuma ta amince da shi sai an tabbatar da sabon ta gwaje-gwaje masu tsawo, ɓangare bayan ɓangare. Ga mai neman kamfani, abin da wannan ke nufi a aikace shi ne ya tambayi ko izinin sinadaran wurin zai kai ƙarshen kwangilar, ko an riga an tantance madadin, kuma ya rubuta a yarjejeniya cewa ba za a canza sinadari, tanki ko wurin aiki ba sai da yardar mai zane.

Abin da ya shafi jama'a

Fasinja ba ya zaɓar kamfanin shafe, amma sakamakon zaɓin yana isa gare shi. A Satumban 2023 kamfanin RTX, uwar Pratt & Whitney, ya ce za a sauke injina 600 zuwa 700 kafin ƙarshen 2026 don gwajin sauti da sauya fayafai, ya kuma ware kusan dala biliyan uku saboda matsalar. Ɗaruruwan jirage sun zauna a ƙasa, kamfanonin sufuri suka rage tafiye-tafiye ko suka yi hayar tsofaffin jirage, kuma ƙarancin kujeru yana tura farashin tikiti sama. Ta wani gefen kuma, kama aibu a ɗakin gwaji maimakon a sararin sama shi ne ainihin abin da aka kafa tsarin dominsa.

Ma'aikatan da ke tsaye a bakin tanki su ne dokokin sinadarai suka fi shafa kai tsaye, tare da mazauna kusa da masana'antun, waɗanda ruwan shansu da iskarsu suka dogara da yadda ake tace dattin da ke fita. Kamfanin da ke sakaci da wannan haɗari ne ga mai saye ma, domin hukumar muhalli na iya rufe shi da kayan mutane a ciki. Ga matasa masu neman sana'a, ƙarancin masu dubawa na mataki na biyu da na uku dama ce ta gaske, sai dai ba a samunta a gurguje: ƙa'ida ta tanadi awanni na karatu da ɗaruruwan awanni na aiki ƙarƙashin kulawa ga kowace hanyar gwaji daban, kuma gwajin sauti da na eksire sun fi na ruwa mai ƙyalli buƙatar lokaci. Wannan jinkirin horo, haɗe da watannin da tantance sabon wuri ke ci, shi ne dalilin da ya sa layin jira a kamfanonin shafe da gwaji ba ya raguwa da sauri ko da odar jirage ta ƙaru.